Yadda Ake Ɗaukar Kiɗan Fim da Okestira: Tambayoyi da Amsoshi

Matasanmu masu haɗa sauti a situdiyo, da ma masu sha'awar kallo kawai, suna yawan tambaya a kan kiɗan manyan finafinan Amurka da Turai: su wa ke kaɗa shi, a ina, kuma ta yaya yake faɗawa kan hoto daidai wa daida? Ga tambayoyin da suka fi dawowa. Abu guda zai yi ta fitowa a cikin amsoshin: ranar ɗauka gajera ce kuma mai tsada, don haka kusan duk wahalar ana shan ta ne tun kafin makaɗi na farko ya zauna a kujerarsa.

Mece ce okestira, kuma mutum nawa fim ke buƙata?

Okestira taron makaɗa ne da ke kaɗa kiɗan da aka rubuta a takarda, kowa da nasa kason. Rukuni huɗu ne. Akwai masu tsirkiya, dangin goge: biyolin, biyola, celo da babban bas. Akwai na busa na itace, irin su sarewa, obo, kilarinet da basun. Akwai na tagulla, su ƙaho da tarampet da tirombon da tuba. Sai na bugu, ganguna manya da ƙanana. A kan ƙara fiyano, wani lokaci da mawaƙa masu amshi.

Babban fim yakan tara mutum 60 zuwa 90, kuma fiye da rabinsu masu tsirkiya ne, domin tarampet ɗaya zai iya danne biyolin goma. Amma yawa ba shi ne ƙarfi ba. Mai tsara kiɗa Max Steiner ya girgiza Hollywood a 1933 da makaɗa 46 a fim ɗin King Kong, Bernard Herrmann kuwa da masu tsirkiya zalla ya tsorata duniya a Psycho a 1960.

Yaushe mai tsara kiɗa ke shiga aikin fim?

Galibi a makare, bayan an gama ɗaukar hoto kuma edita ya kusa kammala aikinsa. Zama na farko mai muhimmanci shi ne na kallo: darakta, mai tsara kiɗa da editan kiɗa su zauna su bi fim ɗin daga farko, suna tsayawa suna shawara. A nan kiɗa zai shigo, lokacin da ta juyo. A nan zai fita, kafin a buɗe ƙofa. Wannan wurin a bar shi shiru. Editan kiɗa yana rubuta kowace gaɓa da lokacin farawarta da tsawonta, ya ba ta lamba irin 1M1 ko 3M7. Lambar farko tana nuna kashin fim ɗin, al'adar da ta samo asali tun zamanin da fim ke zuwa a faifai-faifai. Daga ranar nan zuwa ranar ɗauka sau da yawa makonni kaɗan ne.

Akan saɓa wa wannan tsari. Ennio Morricone ya rubuta wa darakta Sergio Leone kiɗan fim ɗinsa na 1968, Once Upon a Time in the West, tun kafin a ɗauki hoto, aka riƙa kunna shi a wurin ɗauka 'yan wasa suna motsi da shi.

Na ji ana cewa fim yana da kiɗa tun kafin a rubuta nasa. Yaya ke nan?

Gaskiya ne. Edita ba ya son yanka hoto a bushe, sai ya ɗauko kiɗan wasu finafinan ya ɗora na wucin gadi. Amfaninsa a fili yake: darakta ya nuna abin da baki ya kasa faɗa. Illarsa ita ce bayan watanni yana jin kiɗan aron nan kullum, kunnensa ya saba, duk wani sabo sai ya ji kamar ba shi ba. Mai tsara kiɗa sai ya zama tamkar telan da aka kawo wa rigar wani aka ce: ɗinka mini irinta sak, amma kada kowa ya ce ita ce.

Labarin da aka fi bayarwa shi ne na Alex North. Ya rubuta wa darakta Stanley Kubrick kiɗan 2001: A Space Odyssey, har an ɗauka a Landan, amma Kubrick ya tsaya kan tsofaffin kaɗe-kaɗen da ya ara. North bai san an watsar da aikinsa ba sai da ya je kallon fim ɗin a 1968. A ganina wannan ɗabi'a ta aro ita ce babban dalilin da ya sa kiɗan finafinai da yawa a yau yake kama da juna.

Mutum ɗaya ne ke rubuta wa kowane makaɗi abin da zai kaɗa?

Ba kasafai ba. A yau mai tsara kiɗa yakan fara ne a kwamfuta, a manhaja irin Cubase ko Logic, ya haɗa samfur da sautukan da aka naɗa daga kayan kiɗa na gaske. Darakta ya saurari samfurin a kan hoto, ya ce a gyara, a sake, har ya amince. Sai aikin ya koma hannun mai rarraba wa okestira. Shi ne zai mayar da abin da ke kwamfuta rubutun da ɗan Adam zai iya kaɗawa: ya san inda mai busa zai ja numfashi, ya san sautin da ya fi ƙarfin yatsun mai biyola, ya san cewa abin da ya yi daɗi a lasifika zai iya cakuɗewa a zaure. Herbert Spencer ya shafe shekaru yana yi wa John Williams wannan aiki. Herrmann da Morricone kuwa da hannunsu suke yin nasu, suna ganin rarrabawar ita ce tsarin kansa.

Daga nan sai masu kwafi, waɗanda ba a cika tunawa da su ba. Su ke fitar wa kowane makaɗi takardarsa a manhaja irin Sibelius ko Dorico, su duba kuskure, su buga, su manna shafuka da tef yadda za a juya ba tare da ƙara ba, su jera a kan kowane teburi bisa jerin da za a bi. Sau da yawa dare suke rabawa, gaɓar ƙarshe ta iso musu da asuba. Kuskure ɗaya a takardar mai ƙaho na iya cinye minti biyar na mutum 80.

Su wane ne makaɗan? Ƙungiya ɗaya ce kullum?

Hanya biyu ce. Wani lokaci akan ɗauki hayar ƙungiyar da take tsaye da sunanta, kamar yadda London Symphony Orchestra ta kaɗa wa John Williams kiɗan Star Wars a watan Maris na 1977 a situdiyon Anvil da ke Denham. Amma mafi yawan aiki na makaɗa masu zaman kansu ne, waɗanda wani ɗan kwangila ke tarawa. Shi ne ya san wa ya fi iya busa mai taushi, wa ya fi kaifin karatu, wa ba ya makara. A Landan ofishin Isobel Griffiths ya daɗe da suna a wannan fanni.

Da can manyan kamfanonin Hollywood kowanne da okestirarsa mai albashi. Tsarin ya rushe bayan yajin aikin makaɗa na 1958, kuma tun daga lokacin mafi yawansu kira suke jira.

Da gaske ne ba sa yin atisaye kafin ranar?

Da gaske ne, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba baƙo mamaki. Makaɗin yana ganin takardar ne karon farko idan ya zauna. Za a kaɗa gaɓar sau ɗaya don ji, a gyara abin gyarawa, a karo na biyu ko na uku an fara ɗauka. Mutum 80 ne suke karanta rubutun da bai wuce kwana biyu a duniya ba, cikin saurin da aka tsara, kuma ana so su sa masa rai kamar sun shekara da shi. Wanda ya kasa ba za a yi masa faɗa ba. Wayarsa ce kawai za ta daina ƙara. Dalilin rashin atisayen yana cikin amsar da ta shafi kuɗi a ƙasa.

A ina ake ɗauka, kuma me ya sa ba kowane ɗaki ba?

Sautin okestira rabinsa na zaure ne. Yana buƙatar rufi mai tsawo da faɗin da zai ba sauti damar yawo ya gauraya kafin ya kai makirufo. Zauruka irin wannan ba su da yawa a duniya. A Landan akwai babban zauren Abbey Road, wanda aka buɗe a 1931, ya zama gidan kiɗan fim tun farkon shekarun 1980. Idan aka tsaya da kiɗa, amsa-kuwwarsa takan wuce sakan biyu kafin ta mutu. Akwai Lyndhurst Hall na kamfanin AIR a unguwar Hampstead, tsohon coci ne da furodusan waƙa George Martin ya mayar situdiyo a farkon shekarun 1990, da wata rumfa a sama da ake saukarwa ko ɗagawa don sauya amon wurin. A Los Angeles akwai zauren Newman a Fox, na Eastwood a Warner Bros, da na Barbra Streisand a Sony, wanda asalinsa na MGM ne. Sai Vienna, Budapest da Prague.

Wani lokaci kayan kiɗan ne ke ja a bi shi. Don fim ɗin Interstellar na 2014, Hans Zimmer ya kai makirufo har cocin Temple a Landan, saboda ogan ɗin da ke can, babban kayan kiɗan coci mai bututu, ba ya ɗaukuwa.

Yaya ranar ɗauka take gudana?

Zama ɗaya awa uku ne. A Landan akan yi ƙarfe 10 zuwa 1, a dawo 2 zuwa 5, da ɗan hutu a tsakiyar kowanne. A Amurka ƙa'idar ƙungiyar makaɗa ita ce hutun minti 10 a kowace awa. Ƙarfe goma tana bugawa mai obo ya busa sautin A, kowa ya daidaita kayansa a kansa. Ba a bin jerin fim. Akan fara da gaɓa matsakaiciya don a ware jiki, a shiga manya masu buƙatar kowa tun leɓen masu tagulla bai gaji ba, sannan a sallami waɗanda aka gama da su a ci gaba da 'yan kaɗan.

Injiniya ya faɗi lambar gaɓa da lambar ɗauka, jar fitila ta kama. Daga nan ba tari, ba motsa kujera. An rarraba rubutun gida-gida, kowane gida da lambarsa, don haka gyara a taƙaice yake zuwa: “Gida na 34, masu celo ku rage, ƙaho na biyu ka shigo a bugu na uku.” Kowa ya ɗauki fensirin da ke kan teburinsa ya yi alama, ba wanda ke amfani da biro domin nan da minti biyu ana iya sokewa. Shugaban masu biyolin ya juya ya nuna wa na bayansa inda bakan goga tsirkiya zai hau da inda zai sauka. Idan aka kai sautin ƙarshe, madugu, wato mai jagorantar makaɗan da sanda, ya bar hannunsa a sama, kowa ya sandare, baka a iska, har sai amon ya gama mutuwa a rufi. Wanda ya yi gaggawar juya takarda a wannan sakan biyun ya ɓata ɗauka mai kyau.

A zama ɗaya akan samu minti 10 zuwa 20 na kiɗan da ya kammala, gwargwadon wuyarsa. Fim mai kiɗan awa guda ko fiye yakan ci kwanaki.

Ta yaya kiɗa ke faɗawa daidai kan hoto?

Hanyar da ta fi yawa ita ce kilik: wani ɗan ƙas-ƙas da kowane makaɗi ke ji a abin saurare na kunne, galibi kunne ɗaya, ɗayan a buɗe don ya ji na kusa da shi. Lissafi ne tsantsa. Fim yana tafiya da hoto 24 a sakan. Idan kiɗa yana bugu 120 a minti, kowane bugu rabin sakan ne, hoto 12 ke nan. Da wannan mai tsara kiɗa zai san bugu na nawa ne zai dace da rufe ƙofa ko faɗuwar mota, ya ɗan ƙara ko rage sauri har su haɗu. An fara amfani da dabarar tun farkon zamanin fim mai magana, a katun da kuma hannun Max Steiner. Tana da nata ciwon kai: a gaɓa mai sanyi ƙas-ƙas ɗin kan tsiyayo daga kunnuwa ya shiga makirufo, sai injiniya ya yi ta roƙon a rage.

Hanya ta biyu ta fi daɗi kuma ta fi wuya. Ba kilik, madugu ne kaɗai ke kallon hoton. Wani layi yana ratsa allon daga hagu zuwa dama, idan ya kai ƙarshe sai haske ya ƙyafta, nan ne wurin haɗuwa. Da can da hannu ake karce layin a jikin fim, a huda rami don hasken. Ana danganta tsarin da Alfred Newman na kamfanin Fox. Tsakanin alama da alama madugu yana da 'yancin ja da sassautawa, kiɗan ya yi numfashi irin na mutum. Wannan nake fifitawa a duk gaɓar da ta shafi soyayya ko baƙin ciki, domin kunne yana gane kiɗan da agogo ke kora.

A ƙarshen fim ɗin E.T. na 1982, John Williams ya yi ta ƙoƙarin cin ma alamomin ba tare da kiɗan ya rasa ransa ba, abin ya ƙi. Steven Spielberg ya sa aka kashe hoton, ya ce ya kaɗa yadda ransa ke so, daga baya ya sake yanka fim ɗin ya bi kiɗan. Daraktocin da za su yi haka ba su da yawa.

Mai tsara kiɗa shi ne ke riƙe sandar madugu?

Wasu, irin su Williams, da kansu suke tsayawa gaban makaɗa. Da yawa a yau sun fi son zama a ɗakin injiniya bayan gilashi, su bar wani ya jagoranta, sau da yawa mai rarrabawar da aka ambata a sama. Hujjarsu mai ƙarfi ce: a can ne ake jin abin da makirufo ya ji, kuma a can darakta yake zaune, fuskarsa na faɗin abin da bai furta ba.

Makirufo nawa ake kafawa?

Suna iya kai gommai, amma uku ne uwa. Ana rataye su a kan wani ƙarfe mai siffar harafin T, kimanin mita uku a saman kan madugu: hagu, dama, da na tsakiya da ya ɗan yi gaba. Injiniyoyin kamfanin Decca ne suka ƙirƙiro tsarin a shekarun 1950, kuma har yau makirufo ƙirar Neumann M50 ne abin so a wurin. Su ke ɗauko okestirar a dunƙule tare da zaurenta. Ana ƙara wasu a gefe don faɗi, wasu can nesa don amo, sannan ƙanana kusa da kowane rukuni, don idan sarewa ta nutse a iya ɗan tallafa mata. Duka suna shiga manhajar ɗaukar sauti ta Pro Tools, kowanne a layinsa.

Tare ake ɗaukar kowa, ko rukuni-rukuni?

Duka biyun ana yi, kuma a nan ne ake jayayya. Idan aka ɗauki masu tsirkiya da safe, masu tagulla da yamma, masu ganga wata rana, kowane rukuni yana fita tsaf a layinsa. In darakta ya sake yanka hoton bayan an gama, ko tarampet ya danne maganar jarumi, sai a rage shi kaɗai. Ba a iya yin wannan sai da kilik, domin shi ne zaren da ke ɗinke ɗaukar safe da ta yamma.

Amma akwai abin da ake rasawa. Makaɗa suna daidaita sautinsu ne da kunnen juna. Mai biyolin da ya ji ƙaho ya taso a bayansa, hannunsa kan ƙara nauyi ba tare da an ce masa ba. Idan ya kaɗa shi kaɗai yana tunanin ƙahon da zai zo bayan azahar, daidai zai kaɗa, amma ba zai kaɗa hakan ba. Na fahimci furodusan da ke son kariya, sai dai duk inda hali ya yi, gara a tara su a zaure ɗaya.

In darakta ya ji bai yi masa ba a ranar fa?

Ƙananan gyare-gyare a nan take ake yin su: a cire ganguna, a ba obo abin da sarewa ke busawa, a maimaita gida huɗu don hoton ya ƙaru. Gwanin mai tsara kiɗa yakan zo da dabara ta biyu a aljihu. Samfurin kwamfuta da aka yi bayani a baya ya rage aukuwar babban rikici, tunda darakta ya riga ya ji kusan komai. Kafin zuwansa, sai a zauren ne darakta ke fara jin kiɗan fim ɗinsa. A 1966 Alfred Hitchcock ya zo wurin ɗaukar kiɗan Torn Curtain, ya ji abin da Herrmann ya rubuta ba irin wanda ya nema ba ne, ya dakatar da aikin a ranar. Ba su sake aiki tare ba, bayan shekara goma suna yi.

Me ya sa finafinan Amurka da yawa ke zuwa Turai ɗaukar kiɗa?

Kuɗi. Kowane minti a zauren ana biyan makaɗa, injiniyoyi, hayar wuri da masu kwafi, kuma in aka zarce lokaci akwai ƙarin lada. A Amurka yarjejeniyar ƙungiyar makaɗa ta AFM ta ba su wani kaso daga abin da fim ya samu bayan silima, kamar talabijin da faifai. A Landan akan biya sau ɗaya a gama. A Budapest, Prague da Bratislava farashin ya fi sauƙi, har ana sayar da rabin awa ga mai ƙaramin aiki. Ba dole ma ya je ba: ya aika takardunsa, ya saurara kai tsaye ta intanet, yana magana da madugu daga ɗakinsa. Annobar korona a 2020 ta ƙara yaɗa wannan.

Ana iya haɗa kayan kiɗan Afirka da okestira?

Ana yi, amma yana son ladabi. Makaɗin gargajiya ba takarda yake bi ba, kuma sautin kayansa ba lallai ya zauna kan ma'aunin fiyano ba. Kuskuren da aka saba shi ne a gama komai sannan a kira shi ya yi ado a sama. Ludwig Göransson ya juya lamarin a Black Panther na 2018: ya tafi Senegal, ya bi mawaƙi Baaba Maal yawon wasa, ya ɗauki makaɗa a can, ciki har da Massamba Diop mai tama, 'yar'uwar kalangunmu, wadda ke kiran sunan jarumin da bakin ganga. Sai ya gina okestirar a kan wannan a Abbey Road. Kiɗan ya ci kyautar Oscar a 2019.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya, su ma haka suke yi? Kannywood fa?

Tsofaffin waƙoƙin Indiya da aka sha kallo a silimun Kano da Kaduna da manyan okestira aka yi su a Bombay, mawaƙi da makaɗa duka a lokaci guda, wanda ya yi kuskure a koma farko. Da yawa daga masu rubutawa da rarrabawar mutanen Goa ne da suka koyi karatun kiɗa a makarantun coci, irin su Anthony Gonsalves da Sebastian D'Souza.

Kannywood kuwa a kan fiyanon lantarki da kwamfuta ta ginu, mutum ɗaya ya zama okestira. Ba abin kunya ba ne, kasafin ne ya kawo haka. Amma akwai dabarar da masu ƙaramin kasafi ke yi a ko'ina: a bar kwamfuta ta riƙe bayan kiɗan, a kawo mutum ɗaya ko biyu su kaɗa abin da ke gaba da hannunsu. Mai goge ɗaya ko mai sarewa ɗaya a kan samfur yana sauya yadda kunne ke karɓar sauran duka, kuma masu iyawa suna nan kusa.

Bayan an gama ɗauka, me ya rage?

Editan kiɗa ya zaɓi mafi kyau daga kowace ɗauka, wataƙila farkon ta uku da ƙarshen ta biyar, ya ɗinke su yadda ba za a ji tabo ba. Injiniya ya haɗa sautin, ya fitar da shi kashi-kashi: tsirkiya daban, tagulla daban, ganguna daban, mawaƙa daban. Daga nan sai babban ɗakin haɗawa na ƙarshe, inda kiɗa ke neman wuri tare da maganar 'yan wasa da ƙarar bindiga da motoci. Magana ce ke gaba a koyaushe. Gaɓar da aka kwana ana rubutawa tana iya komawa can ƙasa da rugugin jirgi, ko a matsar da ita wani wuri, ko a cire ta ɗungurungum, kuma darakta ne mai yanke hukunci. Shi ya sa masu tsara kiɗa da yawa suke haɗa wani kwafi na daban don faifan da za a sayar, inda ake jin gaɓoɓin a cikakken tsawonsu.